Kafin Sabuwar Allura Ta Iso

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano, daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Na'isa, ya san gidan da magidanci ya kwanta, idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, aka ce shawara ce ko sammu. Sau da yawa ciwon hanta nau'in B ne, wanda ya shige shi tun yana goye, ya laɓe shekara da shekaru.

Rigakafin da ake da shi yana kare mai lafiya, amma ba ya warkar da wanda cutar ta zauna masa. Don irin waɗannan bayin Allah ne masana suke gwada allurar DNA tun shekarun 1990. Ɗan guntun saƙon halittar ƙwayar cutar ake sa wa mutum, jikinsa ya ƙera alamarta da kansa, garkuwar jiki ta gane ta, ta tasam mata. Ga shi kuma ta fi jure zafi, abin da ya dace da garin da lantarki ba shi da tabbas.

Sai dai abin da ya yi ƙarfi a jikin ɓera ya zo da rauni a jikin mutum, domin kaɗan daga saƙon ne yake ratsa ƙwayoyin tsoka. Shi ya sa ake ɗan girgiza wurin allurar da lantarki don ƙofofin ƙwayoyin su buɗe, ko a biyo ta da wata allura daban mai ƙara mata ƙaimi. A 2021 Indiya ta amince da allurar DNA ta korona, amma ta hanta tana matakin gwaji.

Ra'ayinmu shi ne masananmu na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano su shiga wannan bincike, kuma a yi shi a fili da yardar jama'a, domin Kanawa ba su manta da gwajin Trovan na 1996 ba.

Kafin nan, kada jiran gawon shanu ya shagaltar da mu. Tun 2004 rigakafin hanta yake cikin alluran yara a Nijeriya. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma cutar zauna masa take yi, don haka ake so a yi masa allurar cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu. Mu gaya wa iyayenmu da ungozoma. Mu sa wanzami ya canza aska ranar suna. Mu kanmu, ɗalibai da ma'aikata, mu je a gwada jininmu kafin aure.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.