Ruwa Ba Ya Tsami Banza



A zangon karatu da ya wuce, Ƙungiyar Hausa ta makarantarmu ta shirya gasar rubuta gajerun labarai, kuma ina cikin waɗanda malaminmu ya sa su taya shi karanta abin da aka rubuto. Yawancin labaran na almara ne, watau irin na matsafa da aljannu da zobban sihiri da biranen da babu su a taswira. Na ji daɗinsu ƙwarai, amma akwai abu guda da ya riƙa damuna. Kusan kowane labari yana da wani mugu, ko boka ko waziri ko sarkin aljannu, wanda ya tashi haiƙan sai ya mallaki duniya. In ka tambayi labarin abin da ya sa yake son mallakar duniyar, shiru kake ji. Ya dai fito da jajayen idanu, yana ƙyaƙyata dariya, yana cewa kowa sai ya durƙusa masa. Da na yi wa wani abokina maganar sai ya ce mini, "Ai mugu ne kawai, wane dalili kuma kake nema?" To, wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina kuskure ce, kuma kuskuren bai tsaya ga labari kaɗai ba.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Dodon tatsuniya ma da kakanninmu suke ba mu da dare muna yara, yana da dalilinsa, yunwa yake ji, shi ya sa yake neman wanda zai haɗiye. Wannan ya ishi yaro ɗan shekara biyar. Amma mu da muka kai sakandare, muke rubuta labari mai shafi goma ko ashirin, ba zai yiwu mu kawo mutum mai hankali da dabara, wanda ya iya tara rundunoni, sa'an nan mu ce abin da ke zuciyarsa bai ko kai na Dodo ba. Mai karatu ba zai ji tsoronsa ba, domin bai taɓa ganin irinsa ba a kasuwa ko a unguwa. In kuwa ba a ji tsoron mugu ba, jarumin da ya kashe shi bai yi wani abin a zo a gani ba.

Mu duba littafin da kusan dukkanmu muka karanta, watau Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937. Wazirin Sarki Abdurrahman mugu ne, babu shakka. Amma marubucin bai jefo mana shi daga sama ba. Sarki ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, Waziri kuwa ya riga ya sa rai cewa sarautar gare shi za ta faɗo. Kwatsam sai aka haifi Musa, lissafinsa ya rushe. Daga nan ne ya shiga ƙulle-ƙulle har ya haɗa baki da Sarkin Sinari. Duk wanda ya taɓa sa rai ga wani abu, ya ga ya kusa shiga hannunsa, sa'an nan aka miƙa wa wani, ya san irin zafin da Waziri ya ji. Ba mu yarda da abin da ya aikata ba, amma mun gane inda ciwon yake, shi ya sa har gobe ba a manta da shi.

Haka abin yake a wasan Macbeth da Shakespeare ya rubuta a Ingila wajen shekarar 1606. Macbeth jarumi ne da ya yi wa sarkinsa Duncan yaƙi ya ci nasara. Wasu mayu uku suka tare shi suka ce masa zai sami wata sarauta, bayan ta kuma zai zama sarkin ƙasa. Da ya ga maganar farko ta tabbata, sai ta biyu ta shiga ransa. Ana nan sai Duncan ya naɗa ɗansa Malcolm magaji, matar Macbeth kuma ta dinga zuga shi, har ya kashe sarkin alhali yana baƙonsa a gidansa. Abin lura a nan shi ne abin da ya biyo baya. Da ya hau gadon sai tsoro ya kama shi, ya sa aka kashe amininsa Banquo, domin mayun sun ce zuriyar Banquo za ta yi sarauta. Bayan haka ya sa aka hallaka mata da 'ya'yan Macduff. Kwaɗayi ne ya sa shi kisan farko, sauran kuwa duk tsoro ne ya jawo su, kowanne ana yinsa don a rufe na baya.

Tsoron nan shi ne dalili na biyu da marubuci zai iya kamawa. A littattafai bakwai na Harry Potter, waɗanda J. K. Rowling ta fitar tsakanin 1997 da 2007, babban mugun, Voldemort, ya tashi ne a gidan marayu a Landan. Uwarsa ta rasu jim kaɗan bayan ta haife shi, ubansa kuwa tun kafin nan ya gudu ya bar ta. Yaron ya girma babu abin da yake ƙi kamar mutuwa, har ya tsattsaga ransa ya ɓoye gutsattsarin cikin wasu kayayyaki don kada ya mutu. Da ya ji an yi duba cewa za a haifi yaron da zai iya kayar da shi, sai ya tafi kashe jariri a gadonsa. Ka ga mai sihirin da duniya take rawar jiki in an ambace shi, ashe shi ma abin da ke korarsa ke nan.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, watau kyakkyawar niyya da ta karkace. A littafin The Lord of the Rings na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955, akwai wani zobe da ke ba mai shi iko a kan sauran halittu. Wani jarumi mai suna Boromir yana cikin tawagar da aka tura don a hallaka zoben. Mutumin kirki ne, ƙasarsa Gondor kuwa ta daɗe tana fama da maƙiya, mutanenta suna ƙarewa a bakin daga. Sai ya riƙa tunanin cewa wauta ce a jefar da makami irin wannan alhali da shi za a ceci ƙasarsa. Tunanin bai bar shi ba sai da ya kai shi ga yunƙurin ƙwace zoben da ƙarfi daga hannun Frodo, wanda ya kamata ya kare. Daga baya ya yi nadama, ya mutu yana kāre abokan tafiyarsa. Na tabbata da yawa daga cikinmu, in aka sa mu a matsayinsa, irin tunaninsa za mu yi.

Saboda haka ga shawarata ga masu shirin shiga gasar bana. Kafin ka rubuta layi ɗaya a kan mugunka, zauna ka tambayi kanka me aka ƙwace masa, ko me yake tsoron rasawa. Sa'an nan ka tambaya, in ya kwanta da dare shi kaɗai, wane labari yake ba kansa don ya sami barci, domin ba mai kiran kansa azzalumi. Misali, a ce kana son bokan da ya mallake ruwan ƙasa duka. Sa shi ya taso a ƙauyen da rijiyoyi suka ƙafe, ƙanwarsa ta mutu da ƙishirwa yana kallo, alhali rijiyar fada cike take. Ya yi rantsuwa ba za a sake haka ba, ya nemi sihiri har ya kama idon ruwan ƙasar. Shekarar farko ya raba wa kowa daidai. Ta biyu ya hana wani gari da suka yi masa gardama, wai don su hankalta. Kafin shekara goma, ba mai shan ruwa sai ya yi masa mubaya'a, kuma har lokacin yana ganin shi ne mai ceton jama'a. Kada ka manta da 'yan kanzagi da ke kewaye da shi suna gaya masa abin da yake son ji, tun da an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Kuma ka tabbata a kowane mataki akwai wata hanya a buɗe da ya gani ya ƙi bi.

Na san wasu iyayenmu da malamanmu za su ce wannan hanya tana da haɗari, domin in aka nema wa mugu dalili, yara za su tausaya masa, har su ga mugunta ba wani abu ba ce. Maganarsu abin dubawa ce, kuma lalle akwai finafinan da ke ƙawata azzalumi har matasa su riƙa kwaikwayon shigarsa da maganarsa. Amma da ladabi nake cewa, bayyana dalili daban, wanke laifi daban. Harry Potter ma maraya ne, ya tashi a hannun dangin da suka wulaƙanta shi, amma bai zama azzalumi ba. Marubuciyar ta jera marayun biyu ne don mu ga cewa wahala ba ta tilasta wa kowa mugunta, mutum ne ke zaɓa. Labarin da ya koya wa yaro cewa mugu kullum yana da ƙaho da jajayen idanu, shi ne ya cuce shi, domin ran da ya haɗu da na gaske, mai fara'a da daɗin baki, ba zai gane shi ba. Ai Hausawa sun riga sun faɗa, mugu ba shi da kama.

Bari in ba ku labarin kaina, ko da yake da kunya. Sa'ad da nake aji ɗaya, wani siniya ya sa ni tsallen kwaɗo a tsakar rana har na kasa tashi, don kawai ban cika masa bokiti da wuri ba. Ran nan na yi alkawari a raina cewa in na girma ba yaron da zai sha irin wannan a hannuna. Da aka ba ni shugabancin ɗakin kwananmu, na fara da lallashi, yara suka raina ni. Na ce bari in ɗan tsananta don a sami tsabta da tsari. Ban ankara ba, wata safiya sai ga ni tsaye a kan wani ɗan aji ɗaya yana tsallen kwaɗo yana kuka, ni kuwa ina gaya wa kaina gyara nake yi. Da ya ɗago ya dube ni, sai na tuna irin kallon da na yi wa siniyan nan. Na sallame shi, da yamma na neme shi na ba shi haƙuri, amma har yau abin yana cina. Mulkin ɗaki ɗaya ne fa, mai gado ashirin. To, ina ga wanda aka ba gari ko ƙasa?

A cikinmu nan akwai waɗanda gobe za su zama hakimai da alƙalai da kwamishinoni da hafsoshin soja, kuma an san giyar mulki ba ta yi wa kowa sallama kafin ta bugar da shi. In tun yanzu muka saba rubutawa da karanta labaran da ke nuna yadda mutumin kirki yake zamewa kaɗan-kaɗan, wataƙila ran da ƙafarmu ta fara santsi mu farga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon iyayenmu, in sun ga muna karanta irin waɗannan littattafai, su zauna su tambaye mu inda mugun labarin ya fara ɓata hanya, da abin da ya kamata ya yi a wurin. Ku kuma 'yan'uwana marubuta, ina jiran in ga bokayenku da waziranku a gasar bana, kowanne da dalilinsa.

Allah ya kiyashe mu da son zuciya, ya ba mu nasara a jarrabawarmu, amin.