Kyan Hoto Ba Ya Ciyar Da Gari: Pharaoh Ya Fi Anno 1800

Jama'a, akwai wata magana da matasanmu masu wasan kwamfuta suke yawan yi, kuma lokaci ya yi da za a tanka musu. Wai duk wasan gina gari na shekarun baya ya zama tsohon yayi, Anno 1800 ya binne su baki ɗaya. Da wannan hujjar yaro zai tasa mahaifinsa a gaba sai an sayo masa kwamfuta mai tsada, a wannan marra da kowa ke lissafin kuɗin haya da na makaranta. To, a zo a baje wasannin a faifai.

A Caesar III, wanda kamfanin Impressions Games ya fitar a 1998, kai ne gwamnan lardi a daular Rum. Gida yana farawa ne daga tanti, kuma ba ya bunƙasa sai ruwa da abinci da tukwane da kayan ɗaki sun isa gare shi. Kayan nan ba sa zuwa da ƙafarsu. 'Yar kasuwa ce ke bin titi tana rabawa, in ta iso mararraba ta bi inda ta ga dama. Haka ma mai kashe gobara. Ka cika gari da mararraba, sai unguwa ta ƙone ƙurmus shi yana can wani layi yana yawo. Masu suka na kiran wannan aibi, alhali a nan darasin yake: wanda bai tsara titi ba, garinsa zai hukunta shi.

Pharaoh ya fito a 1999, ya koma Masar ta dā, ya kuma zo da shinge da ake sa wa a titi don tsare ma'aikatan nan cikin unguwarsu. Amma babban abin da ya ɗaga shi sama shi ne kogin Nilu. Gonakin fadama sun dogara da ambaliya, girbi sau ɗaya ne a shekara. In ruwa ya yi ƙaranci amfani ya ragu, wanda bai cika rumbu ba sai ya ga mutane sun ɗaure kaya suna barin gari. Lokacin da ruwa ya rufe gonaki kuwa, 'yan ƙwadagon sai su koma jan duwatsu don gina dala, aikin da kan ci shekaru masu yawa a cikin wasan. Da haka mai wasa ke koyon tanadi da haƙuri ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Zeus na shekarar 2000 ya sassauta. A Caesar III da Pharaoh, masana'anta ba ta samun ma'aikata sai da gidaje kusa da ita. Zeus ya cire wannan sharaɗi, ma'aikata na zuwa daga ko'ina. Ya yi sauƙi, amma an yi asara. Duk wanda ke fita da asuba daga Agege zuwa Apapa ya san nisan gida da wurin aiki ba ƙaramin abu ba ne a rayuwar gari.

Anno 1800 na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2019, shi ma a ba shi haƙƙinsa. Cinikin jiragen ruwa tsakanin tsibirai ya yi kyau, haka ma matakan jama'a biyar, daga manoma har zuwa masu zuba jari. Amma a duba da kyau. Gonarsa tana bayarwa dare da rana, babu damina babu rani. Muddin gida yana cikin da'irar kasuwa kuma akwai kaya a sito, kayan sun same shi, babu mai tallar da zai ɓace a hanya. Wasa ne na lissafin masana'antu, an lulluɓe shi da hoto mai ɗaukar ido. Ga shi yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, ga ƙarin sassa da ake saye daban-daban.

Pharaoh kuwa tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa, ana samun sa a GOG da Steam. Wanda tsohon hoto ke damu, an sake gina shi a 2023 da sunan Pharaoh: A New Era.

Saboda haka iyaye, in yaro ya zo da maganar sabuwar kwamfuta don wasan gina gari, ku ce ya fara ciyar da gari ɗaya a bakin Nilu har ya kammala dala, ba tare da yunwa ta kori mutanensa ba. Ku kuma matasa, ku gwada kafin ku yi musu. Da tsohuwar zuma ake magani.