Wayar Haƙori ta Ɓoye da Haƙƙin Harshe

Daga cikin hikimomin likitanci da labarinsu ya iso wa matasanmu na Hardawa, har da wadda ake manna ƙananan ƙarafa a bayan haƙora, ta fuskar harshe, a ratsa su da siririyar waya mai jan karkatattun haƙora sannu a hankali har su daidaita, alhali mai kallo bai ga komai ba. Likitoci biyu ne suka faro ta a shekarun 1970: Kinya Fujita a Japan, domin masu wasan kokawa da naushi kada ƙarfe ya yaga musu leɓe, da Craven Kurz a Amurka, domin manyan da sana'arsu ta dogara ga fuska. Waɗannan kam suna da uzuri bayyananne.

Ta fuskar shari'a, galibin malamai sun rarrabe tsakanin goge haƙora don ƙirƙirar wushirya, wanda aka hana, da gusar da aibi, wanda ya halatta, suna kafa hujja da ƙissar Arfaja ɗan As'ad, sahabin da aka yi wa izinin sanya hancin zinariya. To, in dai gyaran magani ne halattacce, mene ne abin ɓoyewa, har mutum ya biya kuɗi fiye da na wayar gaba don kada a gani, a ƙasar da hajiya ke murmushi da haƙorin Makka ba ta jin kunyar kowa?

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne harshe. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san cewa mafitar ta'un da dalun tana inda kan harshe ke haɗuwa da tushen haƙoran gaba na sama, kuma daidai wannan wuri ne ake dasa ƙarafan; saboda haka mai sanye da su yakan yi makonni yana fama da tsamin baki da miki a gefen harshe, kuma ɗalibin da ke tsakiyar hadda, ko limamin da jama'a ke bi, ba ƙaramar hasara zai yi ba kafin harshensa ya saba. Asuwaki ma, duk da falalarsa, da ƙyar yake kaiwa lungunan da tsakin goro ke maƙalewa.

Sa'an nan ga tafiya. Aikin yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye, ana komawa wurin likita bayan 'yan makonni don ɗaure wayar, kuma ba kowane likitan haƙori ne ya ƙware a ta ɓoye ba. Shawarata ga uban da haƙoran 'yarsa suka hau juna ita ce ya fara kai ta asibitin tarayya na Azare a duba, in an tura su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya nemi wayar gaba, rarar kuɗin ya ajiye ta don motar zuwa da dawowa.