A Duba Salsalar Littafi Kafin A Saya

'Ya'yanmu masu karatun lauya a Jami'ar Bayero suna kawo wa iyaye jerin littattafan dokokin ƙasashen waje masu tsada, uba kuwa bai san wanda ya kamata ya saya ba. Shawarata ita ce a nemi salsalar doka tukuna, kamar yadda muke neman isnadin hadisi.

Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, daga dokar Sudan aka ɗebo ta, ta Sudan kuma daga dokar Indiya ta 1860. Shugaban kwamitin masana da ya ba da shawara a 1958 shi ne Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Saboda haka sharhin Ratanlal na Indiya, ko littafin Gledhill na 1963 wanda ya jera dokar Arewa da ta Sudan, sun fi amfani ga ɗalibi a wannan babi bisa ga sharhin laifuffuka na Ingila, kome kyawun bangonsa.

A kuma ji tsoron fassarar fassara. Littafin Ruxton na 1916 kan fiƙihun Malikiyya taƙaitawa ce daga fassarar Faransanci ta Muhtasar Halil. Wanda ya karanta shi ya ce ya san Halil, ya sha ruwan da ya bi ta tulu uku. Makarantar Shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, da malamai daga Sudan, da Larabci ta karantar. Ɗalibin dokar da ke tsakanin ƙasashe shi ma ya san cewa Imam Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ya rubuta Siyar kan sulhu da amana tun ƙarni na 8 na Miladiyya.

Ku fatake, abin ya shafi aljihunku. Mai kai kaya Maraɗi ya sani dokar ciniki a Nijar ta OHADA ce, wadda aka ƙulla a 1993, da Faransanci. Lauyan da bai taɓa buɗe littafinta ba, ba zai ƙwato muku bashi can ba. A sayi bugu na baya-bayan nan, domin dokar gwamnati tana sakewa, ba kamar Risala ba.