Tarar Maƙwabta a Ƙasar Amurka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 

Bayan haka, ku sani a ƙasar Amurka akwai unguwanni da yawa waɗanda in mutum ya sayi gida a cikinsu, ya shiga ƙungiyar masu gidajen ke nan, ko ya so ko ya ƙi. Akwai sharuɗɗa rubutattu da ke bin gidan daga mai shi zuwa mai saye: launin bango, da tsayin shinge, da inda za a ajiye mota, har da ciyawar ƙofar gida. Wanda ya saɓa a ci shi tara. Masu cin tarar nan kuwa ba alƙalai ba ne, maƙwabtansa ne da aka zaɓa su shugabanci ƙungiyar. Da yake 'ya'yanmu da ƙannenmu suna zaune can, wasu har sun mallaki gidaje, ya kamata mu san yadda abin yake.

Mu ɗauki Jihar Fulorida. Dokarsu ta ce shugabannin ƙungiya ba su da ikon zartar da tara su kaɗai. Sai sun aika wa mai gida takarda, da sauran kwana 14 ko fiye, sa'an nan a zauna gaban wani kwamiti na mutum uku ko fiye, a ji ta bakinsa. Aikin kwamitin ɗaya ne tak, ko ya tabbatar da tarar ko ya soke ta. In mafi yawansu ba su yarda ba, magana ta mutu. Kuma ba a sa shugaban ƙungiya ko ma'aikacinta a cikin kwamitin, ba a sa matarsa ko mijinta, ko iyayensa, ko 'ya'yansa, ko ɗan'uwansa na jini.

A nan ne muka tsaya muka yi mamaki, domin duk almajirin da ya kai babin hukunci da shaida a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid ya san wannan hanya. Ba a karɓar shaidar abokin husuma, ba a karɓar ta ɗa ga iyayensa, ko ta miji ga matarsa, saboda tuhuma. Sai dai Risala ta yarda ɗan'uwa adali ya yi wa ɗan'uwansa shaida, su kuwa mutanen Fulorida har ɗan'uwan sun fitar. Jinkirin kwana 14 ɗin nan ma yana kama da abin da malamanmu na Malikiyya suke kira i'izari, watau a ba wanda ake ƙara dama ya kawo hujjarsa kafin a yanke masa hukunci. Maganar halaccin horo da karɓar dukiya kuwa, wadda malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, mun bar ta sai wani jiƙon.

A shekarar 2024 majalisar jihar ta ƙara ɗaure shugabannin. Daga ranar 1 ga Yuli ta wannan shekara, in mai gida ya gyara laifinsa kafin ranar zama, babu tara. Ba a cin mutum tara don ya bar mazubin shara a bakin titi cikin awa 24 kafin ranar kwasa ko bayanta. Da ba a ci wasu tara a kan wannan ɗan abu ba, da majalisa ba ta ɓata tawada a kansa ba. Jihar Kalifoniya ita ma a 2025 ta tsayar da tarar a dala 100, sai laifin da ya taɓa lafiyar jama'a ko amincinsu.

Amma a ganinmu da sauran gyara. Wa ke naɗa kwamitin? Shugabannin nan ne dai masu ƙara. An hana su sa ɗan'uwa, ba a hana su sa amini ko abokin ciniki ba, alhali kowane ɗan kasuwa ya san wani abokin ya fi ɗan'uwa jin magana. Kuɗin tarar kuma asusun ƙungiyar suke shiga, wanda ke hannun shugabannin. Da masu gidaje ne suke zaɓen kwamitin da kansu, da tuhuma ta ragu.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A Fulorida tara ba ta wuce dala 100 a kan laifi ɗaya, in laifin ya ci gaba ana lissafa ta kullum har ta kai dala 1,000 ta tsaya. To, amma dokar ta ce sai fa in takardun unguwar sun faɗi wani abu dabam. Tarar da ba ta kai dala 1,000 ba, ba a ɗaura ta a kan gida. Wadda ta kai kuwa ana iya ɗaura ta kamar jingina, har magana ta je kotu a kan gidan kansa. Saboda haka duk wanda ɗansa ya aiko masa da albishir zai sayi gida a can, ya ce masa ya karɓi takardun unguwar ya karanta babin tara tukuna, kafin ya ba da kafin alƙalami.