Sharhi: Fargabar Matasa da Barcin da Ke Gudunsu

A Kankiya da Kusada akan ce yaro ba shi da damuwa, tunda ba shi ke cefane ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da lalurar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba na sahun gaba.

Dare ke tona asirinta. Ɗalibin da jarrabawar WAEC ta ƙarato masa, ko saurayin da ƙauyensu ya taɓa kwana cikin harbin 'yan bindiga, zai kwanta gabansa na faɗuwa, kunnensa na waje, ko akuya ce ta ture kwano sai ya zabura. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Idan bai samu ba, sai gyangyaɗi a aji da saurin fushi, dare ya sake yi fargabar ta ƙaru.

Maganin da likitoci suka fi amincewa da shi zaman tattaunawa ne da ƙwararre, wanda suke kira CBT. Ana koya wa matashin ya gane tunanin da ke razana shi, ya daidaita numfashinsa, ya tunkari abin tsoron kaɗan-kaɗan. Fargaba na sauka, tsoron kwanciya yakan ragu.

Sai dai ba kowa barcin ke komo wa ba. Wanda ya saba raba dare yana latsa waya, jikinsa ya riga ya koyi kwana ido biyu. Shi ma rashin barcin sai an yi masa nasa magani: lokacin tashi ɗaya kullum, rage barcin rana, barin shayi da kofi bayan la'asar, waya kuma ta kwana nesa da shimfiɗa.

Hatsarin shi ne a ruga kemis a sayo ƙwayar barci irin Diazepam. Tana kwantar da mutum, tana kuma kama jiki, fargabar na nan daram.

A Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya kuwa tana yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitoci. Ya kamata a horar da su su riƙa tambayar duk matashin da ya zo da ciwon kai ko faɗuwar gaba: kana samun barci? Wanda abin ya yi wa tsanani a tura shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a Katsina, ko asibitin Dawanau a Kano.