Karatun gida: Ya kamata doka ta fito fili

A ƙauyukan Karaye da Rogo akwai yaran da karatunsu bai wuce zauren gida ko makarantar allo ba. Shin iyayensu sun karya doka?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. Uban da ya ƙi sa ɗansa, gargaɗi za a fara yi masa. In ya sake, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. A 2019 Kano ma ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole. Sai dai dokar tarayyar ba ta fayyace matsayin mai koyar da ɗansa a gida ba.

Wasu ƙasashen sun raba gardama. Jamus ta haramta karatun gida, Faransa tun 2022 sai da izini, a Amurka kuwa kowace jiha da sharuɗɗanta.

Muna kira ga Majalisar Dokokin Kano ta tanadi yi wa waɗannan yara rajista ta hannun dagatai da masu unguwanni, a riƙa gwada su a karatu, rubutu da lissafi duk shekara. Wanda ya gaza, a kai shi aji. Tara kaɗai ba ta koya wa yaro baƙi da wasali.